Yadda na raba ciyawar kyanwata da fumfuna

Sau uku ina shuka wa kyanwata alkama a ɗaki don ta daina gaigaye min furanni, kuma sau ukun farar fumfuna ke rufe ƙasar, ƙwayar ta ruɓe tana wari. Na zaci alkamar ce ta tsufa, na sayo sabuwa, bai hana ba. Na canza ƙasa, duk ɗaya.

Ashe robar da nake shukar a ciki ce ba ta da huji, ga ni kuma ina kwarara ruwa safe da yamma.

Sai na gasa ƙusa na huda gindin robar wuri 6. Na jiƙa alkama cokali 2 na awa 8, na tsane ta. Alkamar ci na yi amfani da ita, don irin shuka da aka shafa wa jan maganin ƙwari guba ne ga kyanwa. Na cakuɗa ƙasa kashi 2 da yashi kashi 1, na baza ƙwayar ba tare da ta hau juna ba, na yayyafa ƙasa sama-sama.

Wajen ban ruwa maganin yake. Na daina zubawa ta sama. Ina tsoma robar a faranti mai ruwa minti 10, in zubar da ragowar, ba na ƙarawa sai na taɓa da yatsa na ji saman ya bushe. Na ajiye ta bakin taga inda iska ke shiga.

Alhamdulillahi, kwana 3 ta tsiro, a kwana na 10 ta kai tsawon yatsa, babu fumfuna ko ɗigo. Na shuka roba ta biyu bayan mako guda, tunda ciyawar takan yi rawaya cikin mako 2 zuwa 3.