Kurakuran da sababbin shiga ke ta maimaitawa a gwajin kofifod

Na gaji da ganin rahoto iri ɗaya: an zuba sinadari a ruwan teku, an jira awa 96, kofifod (ɗan mitsitsin dabban ruwan da ake gwada gubar a kansa) bai mutu ba, sai a rubuta "babu illa". Haba! Sinadarin da ke kwaikwayon homon, wato sinadarin jiki mai sarrafa girma da haihuwa, ba sai ya kashe ba. Ɓarnarsa tana fitowa ne a yawan ƙwai, da ƙyanƙyasa, da girman 'ya'ya. Waɗannan ƙananan dangin jatan lande sai sun wuce matakin tsutsa 6, da wasu matakai 5, kafin su balaga. Wanda ya tattara kaya a kwana 4 bai ga komai ba. Ni ba na rufe gwaji sai 'ya'yan sun ɗauki nasu ƙwan.

Akwai kuma masu ɗaukar kofifod tamkar ƙaramin kifi, su yi ta farautar alamar istrojin, homon ɗin mace. Ba shi ke jan ragama a jikinsa ba. Homon ɗin da ake kira ekdaison ne ke sa shi saɓa ɓawo, metil farnisowet kuma, ɗan'uwan homon ɗin ƙuruciyar ƙwaro, yana da hannu a girma da haihuwa. Shi ya sa nake fara zargin magungunan ƙwari irin su metofirin, masu kwaikwayon homon ɗin ƙuruciyar ƙwaro.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne roba. Na taɓa kwashe makonni ina ƙirga jakunkunan ƙwan Tigriopus, wani nau'in kofifod, a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, idona har ruwa yake yi. Da na zo kwatanta sakamako, rukunin da na sa wa sinadarin bisfenol A da wanda ban sa wa komai ba kusan duk kanwar ja ce. Ashe ruwan da nake kira mai tsabta a jarkar robar folikabonet na adana shi, ita kuwa da bisfenol A ɗin ake yin ta, tana iya sakinsa cikin ruwa. Ba ni da yadda zan wanke sakamakon, dole na zubar da aikin gaba ɗaya. Tun ranar gilashi kawai nake taɓawa. Wasu sun ce na cika tsanani, su suka sani. Kuma don Allah ku daina rubuta adadin da kuka zuba kamar shi ke cikin ruwan. Misali, sinadarin nonilfenol yana manne wa bangon kwalba, abin da ya rage wa dabbar ba shi kuka auna da farko ba. Ku ɗebi ruwan ku sake aunawa.

In da asiton, wani ruwan narkar da abu, kuka narkar da sinadarin, ku ware rukuni mai asiton zalla, don ku gane ko illar daga asiton ɗin take.

Yunwa ma tana rage ƙwai, ku daidaita abincinsu kafin ku ɗora wa guba laifi. Acartia kuwa, wani nau'in kofifod ɗin, barbaza ƙwanta take yi a ruwa, manyan kuma suna cinye shi. Ni raga nake sawa a gindin kwalba, ƙwan ya faɗa ƙasa inda bakinsu ba ya kaiwa.