Kafin ka ba kyanwarka farasitamol: kurakuran da muke gani a asibitin dabbobi

Asibitin dabbobin da nake aiki ɗakuna uku ne da rumfa, sai turke biyu a gindin darbejiya inda ake ɗaure raguna. Ni ba likita ba ne. Ni ke yankar kati, ni ke danne dabba idan za a tsira mata allura, ni ke wanke tebur bayan an gama. Amma duk wanda ya daɗe a bakin teburin nan zai gaya maka cewa dabbobin da ake kawo mana rai a hannun Allah, da yawansu ba ciwon farko ne ya kayar da su ba. Maganin da aka ɗura musu a gida ne.

Wata safiya wata Hajiya ta shigo da kyanwa cikin kwando, an lulluɓe da tsohon zani. Fuskar kyanwar ta kumbura, tana numfashi sama-sama. Likita ya ɗaga leɓenta, sai ga dasashi ya rikiɗe daga ja-ja ya koma launin ƙasa.

"Hajiya, me kuka ba ta?"

"Ba komai, likita. Rabin farasitamol ne kawai, na ji jikinta da zafi."

Kuskure biyu ke nan a jimla ɗaya. Na farko, zafin jikin kyanwa da kare masu lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, namu kuwa 37 ne. Ko yaushe ka taɓa su za ka ji sun fi ka ɗumi, kuma wannan ba zazzaɓi ba ne. Ma'aunin zafi da ake sawa ta dubura shi ke raba gardama, ba tafin hannu ba. Na biyu shi ne mai kisa. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol yadda tamu ke yi, sai ya zama guba, ya ɓata jinin har ya kasa ɗaukar iska. Ƙwaya ɗaya ta manya ta isa ta kashe ta. Akwai makarinsa, amma sai an kawo ta da wuri, cikin 'yan sa'o'i, ba sai gobe idan maigida ya dawo daga kasuwa ba. Kare ya fi kyanwa juriya kaɗan, amma shi ma ibuprofen da diclofenac da muke haɗiya don ciwon baya suna huda masa ciki su lalata ƙoda. Gyaran nan ba shi da wuya: kada maganin mutum ya shiga bakin dabba sai likitan dabbobi ya faɗi sunansa da adadinsa. Mai kyamis ya san mutane, bai karanci kyanwa ba. In an riga an bayar, a taho da kwalin, a kuma faɗi gaskiya. Masu jin kunyar faɗa sukan ɓata mana rabin sa'a muna lalube.

Sai maganar kaska da ƙuma, inda ake yin gyaran gangar Auzinawa. Kare ya cika da kaska a kunne da tsakanin yatsu, sai maigadi ya tsiyaya fiya-fiya ko Sniper a bokiti ya yi masa wanka. Wasu baƙin mai suke shafawa ga mai ƙazuwa, wasu kananzir. Kaskar takan mutu, ba a musu. Amma gubar tana ratsa fata, kare kuma yana lasar jikinsa. Ba a jimawa sai miyau ya fara dalala, jiki na kakkarwa, ga amai ga zawo, ƙwayar ido ta ƙanƙance kamar kan allura. Idan haka ta faru, a sa leda a hannu, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, a garzayo da shi tare da kwalbar, domin ganin kwalbar ne zai sa likita ya san allurar da zai ɗauko. Akwai magungunan kaska na dabbobi da ake ɗigawa a ƙeya, da na wanka, da na haɗiya, kowanne da awonsa gwargwadon nauyin dabba. A kula da abu ɗaya: na kare ba na kyanwa ba ne. Wanda ke ɗauke da sinadarin permethrin kare yana lafiya da shi, kyanwa kuwa farfaɗiya yake sa ta. Kuma ko an tsabtace kare tas, in ba a yi feshi a makwancinsa da tsagogin katanga ba, aikin banza ne, don a nan kaskar ke ɓuya tana zuba ƙwai. In guda biyu ko uku ne, hantsaki ya wadatar: a kama ta daf da fata a ja a hankali, kada a matse cikinta, kada a ƙona ta da ashana.

Ɗurin manja da madara ga dabbar da ta ci guba shi ma ya zama al'ada. Ba ya karya guba, kuma dabbar da ta galabaita in aka ɗura mata sai ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wani nau'in maganin ɓera ma ba ya nuna kansa a ranar. Kare zai yi ta wasansa kwana uku ko biyar, sannan jini ya fara zuba ta hanci ko ta ciki. Ganinsa garau ba hujja ba ce ta zama a gida.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne cizon kare, domin a nan ran mutum ake magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukar kare yana kashe mutane kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, tsoron ruwa da firgita, sai dai addu'a. Amma tsakanin cizo da bayyanar alamu akwai makonni, wani lokaci watanni, kuma allura a wannan tsakanin tana tare shi.

Abin da aka saba yi shi ne samari su bi kare da sanduna su kashe, a jefar a bola, a shafa wa yaro toka ko wani ganye, a ɗaure da tsumma. An ɓatar da shaida ke nan, an kuma rufe cutar a cikin rauni. Abin yi na farko, tun kafin a nemi abin hawa, shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo, kuma yaro zai yi kuka. A zuba aidin ko sifirit, sannan a wuce asibitin mutane a ranar don fara allura. Kada a jira. Shi kuma karen, in na gida ne, a killace shi a ba shi ci da sha, likitan dabbobi ya sa masa ido kwana 10. In ya mutu ko an kashe shi, kada a farfasa kan, domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa, kuma likita ya san yadda zai aika da ita ɗakin gwaji irin na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda ke aiki a can tun 1924.

Kuma ba kowane mahaukacin kare ke bin mutane da gudu ba. Akwai mai shiru: ya lafe a lungu, muƙamuƙi ya saki, baki buɗe yana zubar da miyau. Mai shi sai ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya cusa hannu zai ciro. Na taɓa ganin likitanmu, mutum mai sanyin hali, ya daka wa wani dattijo tsawa a kan haka, daga baya ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, hannunka nake ji." Kyanwa ma tana ɗaukar cutar, yakushinta da cizonta ba abin rainawa ba ne. Rigakafin kare da kyanwa kuwa allura ɗaya ce daga wata uku da haihuwa, a riƙa sabuntawa duk shekara. A ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, wasu asibitocin gwamnati da tsangayoyin likitancin dabbobi sukan yi ta kyauta.

Masu sayen kwikwiyo a bakin titi su ma suna shan ta. Mai sayarwa zai rantse an yi masa "duka allurai", ya miƙo kati ba hatimi ba lambar kwalba. Mako biyu sai ga kwikwiyo da amai da zawon jini mai ɗoyin da ba a mantawa, cutar parvo ke nan, kuma jinyarta ƙarin ruwa ne na kwanaki da kuɗi masu ciwo. Rigakafinta ba sau ɗaya ba ne. Ana farawa a mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako 16, kuma kafin a kammala ba a barinsa yawo a layi. Allurar rigakafi kuma 'yar sanyi ce. Wanda ya zaro ta daga aljihun riga da tsakar rana a watan Afrilu, ruwa ya kawo maka. Ka ga an ciro ta daga firji ko kula mai ƙanƙara da idonka.

Abinci ba sai na ja ba. Kyanwa maciyar nama ce, tuwo da miya kaɗai ba sa riƙe ta, a haɗa mata da kifi ko nama ko abincinta na leda. Madara tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, don haka ragowar miyar gida ba kullum take alheri ba. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. Goro da cakulan kuma a nisanta su da kare.

Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma tana iya ɗauka tun tana wata biyar ko shida. Mai cewa tausayi ya hana shi kawo ta a yi mata aikin tsayar da haihuwa, sau da yawa shi ne za ka gani bayan wata shida da 'ya'yanta a buhu yana neman kangon da zai zubar. Namijin ma dandaƙa tana rage masa yawon dare da faɗa.

'Yan tattabara kuma, duk tsadar wadda ka sayo a kasuwa, ka ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta shiga cikin sauran, musamman da hunturu, lokacin da ciwon murɗe wuya ke share ɗaki guda.

Sai yadda ake kawo su. Kyanwa a ƙulle cikin buhun leda, a bayan babur, cikin rana, takan iso a galabaice ko ta yage buhun ta tsere a bakin ƙofarmu, kuma wadda ta haura katangar makarantar da ke bayanmu ba mu cika sake ganinta ba. Kwando mai murfi ko kwali da aka huhhuda ya isa, a shimfiɗa tsohon zanin da ta saba kwanciya a kai. Kare a sa masa igiya, babba ya riƙe, ba yaro ba. Wanda zai rako dabbar kuma ya zama mai ba ta abinci, wanda ya san yaushe ta daina ci da kalar kashinta na jiya, ba ɗan aike da za a tambaya ya ce shi dai an ce ya kawo.