Yadda za ka auna haɗarin tauraro mai fashewa da baƙin rami

Duk lokacin da aka ba da labarin cewa wani tauraro yana gab da fashewa, ko an gano baƙin rami, wato wuri a sararin samaniya da ƙarfin jansa ya hana ko haske kuɓucewa, a kusa da duniya, abin da za ka fara nema a cikin labarin shi ne nisa. Masana falaki suna auna shi da shekarar haske, wato tazarar da haske yake ci a shekara guda yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, wadda ta kai kimanin kilomita tiriliyan 9.5. Idan labarin bai faɗi nisan ba, kada ka ba shi nauyi.

Bayan ka samu nisan, sai ka gwada shi da iyakar haɗari. Ƙiyasin da aka fi dogara da shi ya nuna cewa fashewar tauraro, wadda ake kira sufanoba, tana buƙatar aukuwa a cikin shekarun haske 25 zuwa 50 daga duniya kafin ta yi mummunar ɓarna, ko da yake wani binciken da aka yi da na'urar hangen nesa ta Chandra a 2023 ya miƙa iyakar zuwa kusan 160 ga wasu nau'o'in. Ɓarnar ba ta ƙonewa ba ce kai tsaye. Hasken gama, wato haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, da ƙwayoyi masu tsananin gudu su ne za su cinye rigar ozon da ke sama, daga nan sai hasken rana mai cutarwa ya sauko ya lalata tsirrai da ƙananan halittun teku waɗanda sauran rayuka suka dogara da su.

Tauraron Betelgeuse, wanda ya dusashe a ƙarshen 2019 har aka yi ta hasashen ƙarshensa ya zo, yana da nisan fiye da shekarun haske 500, kuma daga baya aka gano ƙurar da ya fitar ce ta rufe shi. Ranar da ya fashe za a gan shi ko da tsakar rana, amma kallo ne kawai.

Tambaya ta biyu ita ce nauyi. Tauraro ba ya fashewa ta hanyar ruftawar cibiyarsa sai nauyinsa ya kai aƙalla ninki 8 na rana, don haka ranarmu ba ta cikin lissafi. Akwai hanya ta daban, inda ƙaramin farin tauraro da ya riga ya mutu yake zuƙo iskar gas daga abokin zamansa har ya kusanci ninki 1.4 na nauyin rana, sannan ya tarwatse. IK Pegasi, mai nisan kusan shekarun haske 150, shi ne mafi kusa da aka sani a wannan rukuni, sai dai da sauran miliyoyin shekaru a gabansa. A ganina wannan rukunin ya fi cancantar a sa masa ido, saboda irin waɗannan taurari ba su da haske sosai kuma suna da wuyar hangowa. Ba a ce abin bai taɓa matsowa ba: an samu ƙarfe-60, wani nau'in ƙarfe da fashewar taurari take watsowa, a ƙasan teku, alamar fashewar da ta auku a maƙwabta shekaru miliyan 2 zuwa 3 da suka wuce.

Ga ɓarkewar hasken gama kuwa, wato walƙiya mai tsananin ƙarfi da wasu taurari suke fitarwa lokacin mutuwarsu, sai ka ƙara tambayar alkibla, domin ƙarfinta yana fita ne a siriran hanyoyi biyu kamar hasken tocila. Wadda aka gani ranar 9 ga Oktoba, 2022, ta taso daga nisan kusan shekarun haske biliyan 2, amma duk da haka ta girgiza saman sararin iskar duniya, saboda ta fuskanto mu.

Lissafin baƙin rami ya fi sauƙi. Ka ninka nauyinsa, a ma'aunin nauyin rana, da kilomita 3, za ka samu tazarar da ke tsakanin cibiyarsa da iyakar da haske ba ya iya dawowa daga gare ta. Sagittarius A*, baƙin ramin da ke tsakiyar damin taurarin da ranarmu take ciki, da nauyin rana kusan miliyan 4, yana da tazarar kimanin kilomita miliyan 12, kuma nisansa daga nan ya kai shekarun haske 26,000. Gaia BH1, mafi kusa da aka tabbatar, yana da nisan kusan shekarun haske 1,560. Daga nesa baƙin rami yana jan abu ne daidai da kowane abu mai nauyinsa, ta yadda da za a musanya rana da baƙin rami mai nauyinta, duniya za ta ci gaba da zagayenta, cikin duhu da sanyi.

Ramin tsutsa, wato gajeriyar hanyar da ake zaton tana haɗa wurare biyu masu nisa a sararin samaniya, ba ya buƙatar awo. Einstein da Rosen ne suka fito da shi daga lissafi a 1935, ba a taɓa ganin ko ɗaya ba, kuma aikin Morris da Thorne na 1988 ya nuna cewa riƙe shi a buɗe yana buƙatar wani abu mai makamashi ƙasa da sifili, wanda ba a samu a adadin da zai isa ba.