Darasi na Biyar: Abinci da Ƙwayoyin Asibiti a Farkon Ciki

Mata da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya fito, wata biyar ko shida. Wata kunya ke hana ta, wata kuma cunkoson motocin Legas. Amma babban aikin halittar jariri yana gudana ne tun ciki bai tasa ba. Cikin kwana 28 na farko, hanyar da za ta zama ƙwaƙwalwa da lakar baya take haɗewa, lokacin uwar ma ba ta tabbatar da cikin ba.

Folik asid, wani bitamin da ake bayarwa a ƙwaya, shi ne ke taimaka wa wannan haɗewa. In ya yi ƙaranci, ana iya haifar jariri da ƙari a gadon baya, ƙafafu ba ƙarfi. Abin da ake buƙata mikrogiram 400 ne kullum. Mai neman haihuwa ta soma sha tun kafin ta ɗauka. Wadda ta yi ɓatan wata ta soma yau, ta kuma je awo kafin mako 12. Mai sikila, da mai ciwon suga, da mai shan maganin farfaɗiya, da wadda ta taɓa haifar jariri mai irin wannan ƙari, su faɗa wa likita, don nasu ya fi haka yawa, miligiram 5, wato mikrogiram 5,000.

Ta biyu ita ce ƙwayar ƙarin jini, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta ƙunshi miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe. A nan aka fi yin kuskure. Mace ta haɗiye ta da safe, ta kora da shayi mai kauri, an yi ba a yi ba ke nan. Ganyen shayi yana hana hanji tsotse sinadarin, madara ma haka. Ki kora da ruwa, ki sha lemon zaƙi ko abarba a kai, ki bar awa biyu tsakaninta da shayi. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba ciwo ba ne. In ya yi tauri, ki ƙara ruwa da gwanda. In tana tayar miki da zuciya, ki mayar da ita dare bayan cin abinci, kada ki daina. Ki kuma ɓoye ta daga yara: kama take da alewa, yaro ya sha da yawa tana iya kashe shi.

Zancen wai mai ciki ta ci na mutum biyu bai shafi wata ukun farko ba. Maigida, in ka shiga kasuwar Mile 12 ko ta Agege, ka nemi wake, da ƙwai, da kifi, da gishiri mai aidin, da ganye: alayyahu, zogale, ugu, ko lalo da Yarabawa ke kira ewedu. Ganye a ƙarshen girki ake zuba shi, doguwar dahuwa tana kashe amfaninsa.

Mai laulayi ta ci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. Busasshen burodi kafin tashi daga gado yana taimakawa, haka ruwan citta.

Ki bar hanta, bitamin A ɗin da ke cikinta ya yi wa ɗan tayi yawa. Ki bar agbo, maganin gargajiyar Yarabawa na 'yan talla, da jiƙe-jiƙe, ba wanda ya san ƙarfinsu. Farar ƙasa tana ƙara ƙarancin jini. Ki rage goro, nono sai na tafasasshiyar madara, tsire sai wanda ya gasu har ciki. Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro sai ciki ya wuce wata uku, a asibiti za a ba ki, kada ki saya a kemis.

In amai ya hana ko ruwa zama yini guda, ko fitsari ya ragu ya yi ja, ko kin ga jini, ko zazzaɓi ya rufe ki, ki tafi asibiti a ranar.