Yadda Ake Gano Matsalar Kayan Kiɗan Kwamfuta da Gyaran MIDI a Situdiyo

Duk wanda ya taɓa zama a ƙaramin situdiyo a Sakkwato ya san irin shirun da ke sauka a ɗaki idan mawaƙi ya tsaya gaban makirufo, mai haɗa kiɗa ya danna fiyano, lasifika kuma ta ƙi cewa uffan. Abin da yawancinmu muke yi a wannan hali shi ne taɓa komai a lokaci guda: a zare waya, a kashe kwamfuta a kunna, a sauya fulogin (ƙaramar manhajar da ke fitar da muryar kayan kiɗa), har wani ya kawo shawarar a goge manhajar a sake ɗora ta. Wani lokaci kiɗan yakan dawo, amma babu wanda ya san abin da ya dawo da shi, saboda haka jibi ma sai an sake wannan damben. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a bi sawun saƙon tun daga yatsa har zuwa kunne, ana sauya abu ɗaya tak sannan a gwada.

Kafin a bi sawun, dole a fahimci cewa MIDI ba sauti ba ne, umarni ne kawai. Tsarin ya fito a shekarar 1983, kuma Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan suna cikin waɗanda suka kafa shi. Idan ka danna maɓalli, abin da fiyano ke aikawa shi ne lambar maɓallin, da ƙarfin da ka buga shi, da lokacin da ka ɗaga yatsa. Lambobin suna tafiya daga 0 zuwa 127, maɓallin C na tsakiya shi ne lamba 60, kuma saƙon yana bi ta ɗaya daga cikin layuka 16. Fulogin ne ke karɓar wannan umarni ya mayar da shi ganga ko algaita ko jita. Kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin fulogin mai suna VST a 1996, sannan a 1999 ya buɗe ƙofar da ta ba fulogin damar zama kayan kiɗa. Ke nan tafiyar tana da zango da yawa: fiyano, waya, manhajar haɗa kiɗa, fulogin, miksa, direban sauti (manhajar da ke haɗa kwamfuta da katin sauti), katin sauti, sannan lasifika.

Gwajin farko yana raba matsalar gida biyu, kuma bai kai minti ɗaya ba. Buɗe fuskar fulogin, ka danna maɓallan da aka zana a jikinsa da linzamin kwamfuta. Idan ya yi sauti, to fulogin da duk abin da ke bayansa lafiyarsu ƙalau, laifin yana tsakanin fiyano da manhaja. Idan ya yi shiru, ka ƙyale fiyano da wayarsa, ka koma kan miksa da direba.

Idan laifin yana ɓangaren fiyano, a duba ko manhajar tana ganinsa. A manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio maɓallin F10 ne ke buɗe wurin saiti, kuma bai isa sunan fiyanon ya bayyana a jerin ba, sai an zaɓe shi an kunna. Ya fi kyau a jona fiyano kafin a buɗe manhaja. Mai amfani da tsohuwar waya mai ƙusa biyar ya tuna cewa mafitar wannan na'ura ce ke shiga mashigar waccan, domin kuskuren jona mafita da mafita ya wahalar da mutane da yawa. Bayan haka sai batun layi. Fulogin irin Kontakt yana ɗaukar kayan kiɗa da dama a lokaci guda, kowane a kan layinsa, don haka idan fiyano yana aikawa ta layi na 1 alhali gangar tana jira a layi na 2, ba za su taɓa haɗuwa ba. A tsarin General MIDI na 1991 an ware layi na 10 ga ganguna, wanda shi ya sa fayil ɗin da aka kwaso daga fiyanon Yamaha yakan zo da bugun ganga yana fitowa da muryar jita idan an ɗora shi a kan fulogin da bai dace ba.

Fulogin da ya ƙi bayyana kwata-kwata ba ya buƙatar dogon bincike. Ko dai an ajiye shi a jakar da manhajar ba ta dubawa, sai a nuna mata jakar a sa ta sake lalube, ko kuma tsohon fulogin ne mai bit 32 a cikin manhajar da ba ta karɓar komai sai mai bit 64. Wanda ya buɗe amma yake kukan bai ga samfuran sautinsa ba, galibi faifan ajiya na waje ne Windows ya sauya wa harafi, jiya E yau F. A nuna masa sabon wurin sau ɗaya, a kuma tsayar wa faifan harafi na dindindin. Game da fulogin ɗin da ake tura wa juna a filasha kuwa, ra'ayina shi ne yawan tarkacensu ya fi amfaninsu, kuma fulogin biyar da mutum ya laƙanta sun fi ɗari da bai san cikinsu ba.

Jinkiri tsakanin bugu da sauti, da kuma tsattsagewar kiɗa, duka daga wuri ɗaya suke fitowa, wato girman bafa. Kwamfuta tana tara sauti ne ƙunshi ƙunshi kafin ta miƙa wa katin sauti, wurin tara ƙunshin kuma shi ne bafa. A ma'aunin samfuri 44,100 a daƙiƙa, bafa mai 128 yana jinkirta sauti da kusan milisakan 3, mai 256 kusan milisakan 6, mai 1024 kuwa ya haura milisakan 23, wanda duk makaɗi zai ji shi a yatsunsa. A rage bafa lokacin ɗaukar bugu, a ƙara shi lokacin tace sauti, a kuma yi amfani da direban ASIO, mai rage jinkiri, na katin sautin da kansa idan yana da shi. Sai dai a garinmu akwai abin da littafin manhaja ba zai faɗa maka ba. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, ɗakin situdiyo kuma a rufe yake ruf da soso, an kashe fanka don kada makirufo ya ɗauki ƙararta. Kwamfutar cinya idan ta ɗauki zafi rage gudunta take yi, haka ma idan an ɗauke wuta ta koma kan batir. Aikin da ya tafi sumul da safe sai ya fara kakkatsewa bayan azahar, mutum ya yi ta zargin fulogin. A ɗaga kwamfutar daga kan tebur iska ta shiga ƙarƙashinta, a fitar da ƙurar da ta toshe fankarta, a mayar da fulogin masu nauyi zuwa sauti da zarar an gama da su. Idan kuma gunji ne mai kauri ke bin bayan kiɗa, a zare caja a saurara. In ya ɗauke, daga wutar janareto ko soket yake shigowa.

Noti ɗin da ke fitowa biyu biyu yana nufin fiyano yana kaɗa muryarsa ta ciki yayin da manhaja ke dawo masa da saƙon, sai a kashe saitin da aka rubuta wa Local. Wanda ya maƙale ya ƙi tsayawa, a FL Studio Ctrl da H suna yanke shi nan take, amma a bincika feda, wato abin takawa mai riƙe sauti, wadda ke aika saƙo mai lamba 64, domin a wasu fiyanon idan aka kunna su ƙafa tana kan feda, aikinta juyewa yake yi.

Akwai wata rana a lokacin hunturu da na shafe kusan awa biyu a wani situdiyo a unguwar Mabera ina neman abin da ya sa kiɗa da muryar mawaƙi suka ƙi jituwa. Mawaƙin ya cire abin sauraro ya ce, "Malam, wanga kiɗi ba ya tahiya da ni, ko muryata ta?" Ba muryarsa ba ce. Ƙura ce ta shiga ƙaramar tayar lanƙwasa sauti da ke gefen hagu na fiyano, tana ta aika saƙo ba tare da an taɓa ta ba, manhaja kuma ta ɗauke shi tare da bugun. Tsakiyar wannan taya ita ce 8192 a ma'aunin da ya kai 16383, kuma da na buɗe layin sai na tarar da ɗigo ɗigo sun sauka ƙasa da tsakiya sun zauna. Na goge su, na dawo da layin tsakiya, muka hure tayar. Tun ranar nake rufe fiyano da ƙyalle.

A wajen gyaran bugu ne aka fi yi wa kiɗanmu ɓarna. Kwantayiz yana jan kowane noti zuwa layin da ya fi kusa da shi, kuma allon yakan zo a rabe gida huɗu huɗu, alhali da yawa daga cikin kiɗan kalangu da na kotso a kan uku uku suke tafiya. Idan aka danna kwantayiz a kan allon da bai dace ba, kiɗan zai miƙe kamar faretin sojoji, rausayar ta tafi. A fara mayar da allon zuwa rabon uku, sannan a daidaita babbar ganga kaɗai sosai, a bar ƙananan bugu da ɗan gaba ko baya kamar yadda hannu ya kawo su, ko a ja su rabin hanya kawai. Ƙarfin bugu ma haka ne. Makaɗin gaske ba ya buga sau takwas da ƙarfi ɗaya, don haka wanda ya zana noti da linzami ya bar su duka a kan 100 zai ji kamar injin niƙa. A ɗaga bugun da ke ɗauke da nauyin zagaye zuwa wajen 110, a saukar da na tsakani zuwa 70 ko 80, ana yi ana saurare da sauran kiɗan a kunne. Kalangu kuwa magana yake yi saboda makaɗi yana matse tsirkiya a hammata, fatar ta ɗaure sautin ya hau. Ana kwaikwayon wannan da lanƙwasa sauti, amma yawancin fulogin suna zuwa da iyakar rabin taki biyu sama da ƙasa, sai an faɗaɗa ta a cikin fulogin, sannan a zana hawan jim kaɗan bayan bugun, a kuma tabbatar layin ya dawo tsakiya kafin bugu na gaba.

Kafin a fara kowane irin wannan gyara, a kwafi bugun na asali a ajiye shi a kan layin da aka kashe wa murya. Idan aikin zai tafi wani situdiyo, ko nan cikin gari ko Kano, a fitar da kowane kayan kiɗa a matsayin sauti shi kaɗai daga farkon waƙa, a haɗa da fayil ɗin MIDI, a rubuta gudun kiɗan da ma'aunin samfuri a jikin sunan jakar, domin ba lallai ne wanda zai karɓa yana da fulogin ɗin da aka yi aikin da su ba.