Kafin ka miƙa wa kairofrakta bayanka a New York

Duk wanda ya daɗe yana tuƙin tasi a garin nan ya san ciwon da nake nufi. Ƙugu ya riƙe, ka buɗe ƙofar mota ka rasa ta inda za ka fito, sai ka dafa sitiyari ka miƙe a hankali. In ka yi wannan ƙorafi a masallaci a Bronx bayan isha'i, ba za a rasa mai ce maka ka je wurin kairofrakta, wato mai danna ƙashin baya, ba. Ni ma na je, kuma na ji daɗin jikina. Sai dai zuwan yana da ƙa'ida.

Ka fara sanin wanda za ka gani. Ba mai ɗori ba ne, ba ya ɗaura karaya. Ko da an rubuta Dr. a ƙofarsa, ba likitan asibiti ba ne: a jihar New York ba ya rubuta magani, ba ya tiyata. Da hannu yake aiki, yana dannawa yana motsa gaɓoɓin ƙashin baya. Daniel David Palmer ne ya fara sana'ar a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa, yana ganin kusan kowace cuta daga gocewar ƙashin baya take tasowa. Bincike bai gaskata wannan ba, amma har yau akwai masu riƙe da burbushinsa. Wanda ya ce maka zai warkar da asma ko hawan jini ko ciwon suga da danna baya, ka ɗauki hularka ka fita. Inda aikinsu yake da madafa shi ne ciwon ƙasan baya na yau da kullum. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sa shi cikin abubuwan da za a iya gwadawa kafin a kai ga shan magani, tare da tausa da ɗumama wurin.

Akwai ciwon bayan da ba nasa ba ne sam. In fitsari ko bayan gida yana kufce maka, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu ba ka ji, ko ƙafa tana rasa ƙarfi, asibitin gaggawa za ka nufa a ranar, kada ka jira gari ya waye. Haka in ciwon ya zo da zazzaɓi, gumin dare da rama. Mu da muka taso a yammacin Afirka mu kula da wannan sosai, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma ƙashin da ya ci ba ya ɗaukar danna. Mai sikila, da wanda ya taɓa ciwon daji, da tsohuwar da ƙashinta ya yi rauni, da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, duk su fara ganin likitansu.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, duba lasisin kairofraktan. Ma'aikatar ilimi ta jihar New York ce ke ba su, kuma a shafinta na intanet za ka sa sunan mutum ka ga ko rajistarsa na aiki. Sannan ka kira kamfanin inshorarka ka ji sau nawa za su biya. Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, tana biyan dannar ƙashin bayan ne kawai, ba ta biyan hoton ƙashi da kairofraktan ya sa a yi. In hatsarin mota ne ya jawo ciwon, ka sanar da inshorar motar a rubuce cikin kwana 30.

Ranar zuwa ka sa kaya masu sakewa. Galibi ba a tuɓewa, ta saman riga ake aikin, kuma mata na da damar neman mace. Zai tambaye ka tarihin ciwon, to kada ka tsaya a "bayana ke ciwo". Faɗa masa ko a ruku'u yake kama ka ko wajen tasowa daga sujada, ko yana sauka ta ɗuwawu zuwa bayan cinya, ko ya fi tsanani da asuba. Wanda bai saurare ka ba ya garzaya da kai ɗakin hoto, ka sa masa ayar tambaya, don yawancin ciwon baya ba ya buƙatar hoto.

Daga nan zai kwantar da kai a gefe a kan wani siririn gado, ya naɗe maka ƙafar sama, ya dafa kafaɗa da ƙugu, ya ce ka saki numfashi, sai ya danna da sauri. Za ka ji ƙas! Ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin ƙarar da yatsu ke yi in an lanƙwasa su. Jiki kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, ya wuce.

Wuya kuwa ni ba na bayarwa, kuma tun kafin in hau gadon nake faɗa. Akwai jijiyoyin jini da ke bi ta ƙashin wuya zuwa ƙwaƙwalwa, kuma an samu waɗanda tasu ta tsage bayan an murɗa musu wuya har ɓarin jiki ya shanye. Ba kasafai yake faruwa ba, na yarda, amma akwai hanyoyin sassauta wuya a hankali ba tare da fizga ba, su za ka nema. In bayan an taɓa maka wuya ka ji jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani ya rabu biyu, ko harshe ya yi nauyi, kira lambar gaggawa 911.

Sai maganar kuɗi, inda 'yan'uwa da yawa ke shan ciwo na biyu. Wasu za su nuna maka hoton bayanka, su zana layi da jan biro, su ce sai ka biya kuɗin zuwa na wata shida a dunƙule, wai da rangwame. Kada ka sa hannu. Biya na kowane zuwa, ka ba shi 'yan makonni. In ba ka ga canji ba, koma wurin likitanka ya tura ka gashin ƙashi. Na kirki cikinsu zai koya maka motsa jikin da za ka riƙa yi a gida, ya kuma gaya maka ranar da za ka daina zuwa. Wanda nake zuwa wurinsa shi ya sa na cire walat daga aljihun baya in zan tuƙi, na matso da kujera gaba, kuma duk lokacin da na sauke fasinja a filin jirgin JFK sai na fito na zaga motar kafin in shiga layi.