Kafin ka sayi tabarau mai da'ira a Jidda

Ina gyaran tabarau a wani shago a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, kuma 'yan shekarun nan samarinmu sun koma kan mai da'ira, irin na Gandhi, wai sabon yayi. Shi ne ma na fari. Tabarau na farko da aka ƙera a Italiya wajen 1290 gilasai biyu ne zagayayyu da aka haɗa da ƙusa, a ɗora a hanci ko a riƙe da hannu. Hannuwan da ke hawa kunne sai a ƙarni na 18 suka zo. Na Gandhi kuwa, an yi gwanjon guda ɗaya a Ingila a 2020 kan fam 260,000.

Fara da takardar likita, madubi ya jira. In ba ka hangen nesa kuma lambarka ta yi yawa, ƙaramar da'ira ce taka: gilashin irin wannan ido a gefe yake kauri, to idan firam ɗin ƙarami ne, an yanke kaurin an zubar. Amma duba gurbin CYL da AXIS a takardar, inda ake rubuta gyaran karkacewar gani da kusurwar da gilashin zai zauna. In akwai lamba a wurin, kada ka ɗauki cikakkiyar da'ira, domin da sukurun ya saki gilashin zai juya a cikin firam, ganinka ya karkace, ka yi ta ciwon kai kana zargin rana. Nemi wanda samansa ya ɗan baje, a ido duk da'ira ne.

Sai ka juya hannun tabarau ɗin, za ka ga lambobi kamar 46, 22, 145: faɗin gilashi, faɗin gadar hanci, da tsawon hannu, duk a milimita. Gadar ce matsalarmu. Yawancin firam an yi su ne don siririn hanci, saboda haka nemi mai 'yan matasan hanci biyu da ake buɗawa, kuma ƙwayar idonka ta zauna kusa da tsakiyar gilashin.

Maganar wai mai zagayayyar fuska bai kamata ya sa ba, ni ban cika yarda ba. Girman firam ne ke ɓata fuska.

Gwada shi da shimag ɗinka, wato mayafin kai na mazan Saudiyya, ko hularka. Hajiya, ke kuma da hijabinki a ɗaure, don siririn hannu ne ba ya danne bayan kunne. Sunkuya kamar mai ruku'u. In ya zame, a lanƙwasa maka ƙarshen hannun kafin ka biya.

Gumin Jidda yana cin ƙarfe mai arha har ya yi kore, gara titaniyam in aljihu ya yarda. Kada ka bar shi a mota da rana, zafi na tsattsage rufin gilashin. Wanke shi da ruwa da ɗigon sabulun kwanuka, ban da bakin riga.